Kamfas Ɗin Awon Duwatsu da Tarihin Kuzarmu

Masu iya magana sun ce, rashin sani ya fi dare duhu. Idan muka waiwayi tarihin haƙar kuza a ƙasarmu, za mu tarar cewa wani ɗan abu da bai wuce tafin hannu ba yana cikin abubuwan da suka raba mu da arzikin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Wannan abu kuwa shi ne kamfas.

Tun a shekarar 1088 wani masani ɗan ƙasar Sin, Shen Kuo, ya bayyana cewa allurar da aka goga wa maganaɗisu tana nuna kudu, amma takan ɗan kauce. Daga baya masu haƙar ma'adinai na Jamus suka riƙa shiga da kamfas cikin rami, inda babu rana balle tauraro, domin su san inda suka dosa. A 1894 ne wani injiniya haifaffen Kanada mai aiki a Kolorado ta Amurka, David Brunton, ya yi rajistar wanda ake sawa a aljihu, ya haɗa allura da madubi da ma'aunin karkata a gida ɗaya.

Aikinsa ga mai nazarin duwatsu iri biyu ne. Da farko yakan jingina shi da jikin dutse, ya daidaita shi har kumfar ruwan da ke ciki ta tsaya tsakiya, sannan ya karanta inda shimfiɗar dutsen ta miƙa. Na biyu, ya kifa shi ta gefe ya ga digiri nawa shimfiɗar ta karkata zuwa cikin ƙasa. Da waɗannan lambobi biyu ake ƙiyasta inda jijiyar ma'adini za ta ɓulla, tun ba a saka diga ba.

To, ina wannan ya shafe mu? Kakanninmu na Ririwai sun daɗe suna narka kuza, fatake suna kai ta kasuwar Kano, tun Bature bai zo ba. Bin sawun wannan kuza ne ya kai ma'aikatan Kamfanin Neja tsaunukan Jos a 1902 da 1903. Aka kafa hukumar binciken ma'adinai ta Arewa a 1904, jirgin ƙasa ya isa Jos daga Zariya a 1914, sannan a 1919 aka kafa hukumar nazarin duwatsu ta Nijeriya ƙarƙashin J. D. Falconer. Baƙin nan sun zo da kamfas da sarƙar awo, suka auna rafuka da tuddai, suka kafa turaku, suka zana taswira. Doka ta mai da ma'adinai mallakar gwamnati, mai taswira shi ake ba izinin haƙa. Masu sanin ƙasar da ka suka koma lebura, sana'ar narka kuza ta mutu.

Har yau muna jin labarin ramukan zinariya da na kuza suna ruftawa da matasanmu, waɗanda ke haƙa ba tare da sanin yadda dutsen da ke bisa kansu ya karkata ba. Mu kuwa a makarantu muna zana kamfas a allo, ɗalibi ya gama aji shida bai taɓa riƙe shi ba. Ya kamata mu fita da yaranmu bayan gari su auna dutse da hannunsu, domin ƙasar da ba mu auna ba, wani zai auna mana ita. Allah ya sa mu gane.