Awon Lafiya a Gida: Daga Ma'aunin Zafi zuwa Zaren Damtse

Kayan awon lafiya da ake saye yau a famasin Yamai duk a hannun likitoci suka fara. A 1867 wani likitan Ingila, Thomas Allbutt, ya gajarta ma'aunin zafin jiki har ya shiga aljihu, awon da kan ci minti 20 ya koma minti 5. Ma'aunin hawan jini, wato tansiyo a bakin mutanen Nijar, Riva-Rocci ne ya haɗa shi a Italiya a 1896. A 1905 Korotkoff na Rasha ya gano yadda ake sauraron bugun jijiya yayin da iska ke sacewa daga maɗaurin da ake naɗa wa damtse. Sauraron nan sai gwani, shi ya sa awon bai shiga gidaje sosai ba sai da mai batir ya fito, wanda ke nuna lamba da kansa.

Na'urar awon sukari ta bayyana a Amurka a 1970, ta fara shiga gidaje a shekarun 1980. Sayenta sau ɗaya ne; 'yan tsinkayen da ake ɗiga wa jini su ke cin kuɗi, don kowanne da awo ɗaya ya tashi aiki. Bayan da korona ta ɓulla a Yamai a watan Maris na 2020, ma'aunin zafin da ake saita wa goshi ya zama abin gani a ƙofofin ma'aikatu.

Sai dai ma'aunin da ya kai har ƙauye a Nijar ba ya shan batir. Siririn zaren roba ne mai launi uku, da ake ɗaura wa yaro ɗan wata 6 zuwa 59 tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Ɗorawa, zuwa 125, kashedi ne. Kore kuwa lafiya lau. A da ma'aikatan lafiya kaɗai ke riƙe shi. A farkon shekarun 2010 ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata na Mirya, a jihar Damagaram, yin awon da hannunsu, aka tarar hannun uwa bai gaza na ma'aikacin ƙauye ba, ko da ba ta taɓa zama aji ba. Daga Mirya tsarin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar da wasu ƙasashen Sahel.