Waɗanda Suka Faɗi a Tsananin Desiyus, da Yadda Ikkilisiya Ta Yi da Su

Wajen ƙarshen shekara ta 249, Desiyus, wanda bai daɗe da hawa gadon sarautar Roma ba, ya kafa doka cewa kowane mazaunin daular ya miƙa hadaya ga alloli. Tsanani ba baƙon abu ba ne ga masu bi, domin tun zamanin Nero akan kama su nan da can, idan gari ya harzuƙa ko wani gwamna ya ga dama. Sabon abin da wannan doka ta zo da shi takarda ce. An naɗa wakilai a kowane gari. Mutum zai zo gabansu ya tsiyaye ruwan inabi, ya ɗanɗana naman hadaya, sa'an nan su sa hannu a takardar shaida su ba shi. Fiye da arba'in daga cikin takardun nan sun tsira a cikin yashin Masar, ɗauke da kwanan watan Yuni da Yuli na shekara ta 250. Wanda ba shi da takarda, ba shi da wurin ɓuya.

Shugabanni aka fara yi wa dirar mikiya. Fabiyan, bishop na Roma, ya mutu a Janairu 250. Babilas na Antakiya da Iskandari na Urushalima sun mutu a kurkuku. An azabtar da Orijen, babban malamin nan, har bai ƙara samun lafiya ba. Waɗannan sunaye mun saba jin su a wa'azi. Wanda ba mu cika ambata ba shi ne taron da ya faɗi, kuma taron yana da yawa ƙwarai. Sifiriyan, bishop na Kartaj a ƙasar da ake kira Tunisiya yau, ya ba da labari cewa masu bi da dama ba su jira an kama su ba. Da ƙafarsu suka ruga dandali, har da dare ya yi mahukunta suka ce a dawo gobe, waɗansu suna roƙo a gama da su a ranar. Iyaye sun ɗauki jarirai zuwa wurin hadayar. Ikkilisiya ta samu shekaru masu yawa na kwanciyar hankali, ta yi yawa, ta yi dukiya, ba ta kuwa shirya wa wannan rana ba.

Waɗanda suka faɗi ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda suka miƙa hadaya, akwai waɗanda suka ƙona turare kawai, akwai kuma waɗanda ba su kusanci bagade ba, suka ba ma'aikaci toshiya ya rubuta musu takarda. Tun kafin tsananin ya lafa, dukansu suka fara ƙwanƙwasa ƙofar ikkilisiya suna neman a mayar da su teburin Jibin Ubangiji.

Domin mu gane nauyin wannan roƙo, sai mun tuna yadda masu bi na lokacin suke ɗaukar zunubi bayan baftisma. Sun gaskata cewa baftisma ta wanke dukan zunuban da suka wuce. To, wanda ya sake aukawa cikin babban zunubi fa? Littafin Makiyayi na Harmas, wanda aka rubuta a Roma a ƙarni na biyu, ya ba da damar tuba sau ɗaya tak. Tartuliyan na Kartaj, a ƙarshen rayuwarsa, ya koyar cewa zina da kisankai da bautar gumaka zunubai ne da ikkilisiya ba ta da ikon kwancewa. Da Kalistus, bishop na Roma daga 217 zuwa 222, ya karɓi mazinata da suka tuba, an yi masa ca. Amma musun Almasihu a gaban hukuma ya fi wannan nauyi a idonsu. Suna da Matiyu 10:33 da Ibraniyawa 6:4-6 a hannu, suna kuma da kaburburan 'yan'uwansu da suka ƙi musu.

Sifiriyan kansa ba ya gari. Bai fi shekara huɗu da tuba ba, mutum ne mai arziki, malamin iya magana, aka yi shi bishop tun yana sabon mai bi. Da tsanani ya tashi ya ɓuya, yana tafiyar da ikkilisiya ta hanyar wasiƙu. Hujjarsa ita ce shi sananne ne, zamansa a gari zai ƙara hura wutar a kan garken. Dattawan Roma sun rubuta wasiƙa mai habaici a kan makiyayi na gaske da ɗan ƙodago. Duk faston da ya taɓa fita daga garinsa da dare ya san ɗacin irin wannan magana.

A rashinsa, masu shaida suka cike gurbin, wato waɗanda aka ɗaure aka azabtar ba su yi musu ba. Jama'a na ganin Ruhu Mai Tsarki yana tare da su ta hanya ta musamman, kuma roƙonsu a gaban Allah karɓaɓɓe ne. Sai suka fara rubuta takardun salama ga waɗanda suka faɗi. Da fari da sunan mutum ɗaya ɗaya, daga baya sai a rubuta wane da mutanen gidansa, wanda zai iya zama mutum ashirin ko talatin. Wani mai suna Lusiyan ya riƙa rubutawa da sunan wani shahidi Bulus da ya riga ya mutu, a ƙarshe ma ya aika wa Sifiriyan cewa masu shaida sun ba dukan waɗanda suka faɗi salama baki ɗaya. Waɗansu dattawa, tare da wani dikon Filisisimus, suka fara ba su Jibi ba tare da wani horo ba. Mutumin da ya sayi takardar musu jiya, yau ya samo takardar gafara.

A Roma iska ta kaɗa ta wani gefe. Kujerar bishop ta zauna ba kowa fiye da shekara ɗaya, sai a Maris 251 aka zaɓi Karniliyus. Nobatiyan, dattijon da ya fi kowa ilimin tauhidi a ikkilisiyar, wanda ya rubuta littafi mai daraja a kan Triniti, ya ƙi amincewa, ya samu bishop uku suka ɗora masa hannu. Ya kamata mu yi wa Nobatiyan adalci, domin sau da yawa ana ƙara wa maganarsa gishiri. Bai ce Allah ba zai iya gafarta musu ba. Cewa ya yi ikkilisiya ba ta da izinin furta wannan gafara. A ƙarfafa su su tuba, su yi kuka har ranar mutuwarsu, a bar hukuncin ga Allah, amma teburin a rufe yake gare su. Damuwarsa tsarkin amaryar Almasihu ce, kuma tambayarsa mai nauyi ce: idan mai musu da mai shaida za su sha daga ƙoƙo ɗaya, me za a faɗa wa gwauruwar shahidi?

Sifiriyan ya dawo bayan Ista ta 251 ya tarar da gaba kura baya sayaki. Ya tara bishop-bishop na Afirka ta Arewa, suka yanke cewa a duba kowane mutum da nasa al'amari. Masu sayen takarda a karɓe su bayan bincike. Waɗanda suka miƙa hadaya su zauna cikin horo mai tsawo, amma idan ajali ya matso a ba su salama kafin su cika. Ma'aikacin ikkilisiya da ya faɗi zai iya dawowa cikin zumunta, amma ba zai koma kan aikinsa ba. Majalisar bishop sittin a Roma ta bi wannan hanya, ta kuma fitar da Nobatiyan.

A cikin wasiƙun Sifiriyan ne muke ganin zuciyar makiyayi tana aiki. Ya ƙi yarda a auna kowa da mudu ɗaya. Wanda ya ruga da son ransa daban yake da wanda ya jure azaba har jikinsa ya gaza. Wanda ya tilasta wa iyalinsa duka daban yake da wanda ya je shi kaɗai domin matarsa da 'ya'yansa su tsira, ya kuma ɓoye 'yan'uwa masu gudun hijira a gidansa. Wani bishop, Kaldoniyus, ya tambaye shi game da wata mace mai suna Bona, wadda mijinta ya ja zuwa bagade, aka riƙe hannuwanta aka yi hadayar da su, ita kuwa tana ihu cewa su ne suka yi, ba ita ba. Sifiriyan ya amince a karɓe ta tare da sauran da suka faɗi da fari, suka miƙe suka shaida Almasihu a karo na biyu. Ga Nobatiyan kuma ya ba da amsa da misalin gona: ka ce wa mutum ya tuba alhali ka riga ka gaya masa ba za a karɓe shi ba, daidai yake da ka sa manomi ya yi noma ka ce masa ba zai girbi kome ba. Wa zai ɗauki fartanya? Ya ƙara da cewa an daɗe ana karɓar mazinata da suka tuba, tsarkin aure kuwa bai ƙare a ikkilisiya ba saboda haka.

Daga Iskandariya, bishop Diyonisiyus ya aika wa Antakiya labarin wani tsoho Sarafiyon, wanda ya yi zaman kirki dukan ransa amma ya faɗi a tsananin. Ya yi ta roƙo ba wanda ya saurare shi. Da ciwon ajali ya kama shi, ya kwana uku ba ya magana, ya farfaɗo ya aiki jikansa wurin dattijon ikkilisiya da dare. Dattijon ma ba shi da lafiya, sai ya ba yaron ɗan gutsuren gurasar Jibi, ya ce ya jiƙa ya sa wa tsohon a baki. Tsohon ya haɗiye, ya cika. Diyonisiyus ya ga hannun Allah ne ya riƙe ran mutumin har a kwance shi.

Desiyus ya mutu a yaƙi da Gotawa a tsakiyar 251. A zamanin magajinsa Gallus aka soma jin ƙishin-ƙishin na sabon tsanani, majalisar Kartaj ta sake zama ta yanke abin da, a ganinmu, ya fi kome muhimmanci a wannan tarihi: a karɓi dukan waɗanda suke cikin horo da gaskiya, nan take, ba sai a bakin mutuwa ba. Dalilinsu shi ne, ba za a tura mutum ya zubar da jininsa domin Almasihu ba alhali an hana shi ƙoƙon jinin Almasihu. Da haka suka daina kallon Jibi a matsayin ladan jarumai, suka gan shi guzuri ne ga masu rauni da ke fuskantar yaƙi.

Ba duk abin da Sifiriyan ya faɗa za mu ɗauka ba. Yakan yi magana kamar hawaye da azumi da sadaka suna biyan Allah bashin zunubi, kuma daga irin wannan harshe ne tsarin ya girma a ƙarnuka na baya har Luta ya tashi a kansa a 1517. Jinin Almasihu ne kaɗai yake biya. Horo yana gwada ko tuba ta gaske ce, yana warkar da mai zunubi, yana kuma kare garken, amma ba ya sayen kome a wurin Allah. Haka nan dokar hana ma'aikacin da ya faɗi komawa aiki tana da wuyar daidaitawa da Yohanna 21, inda Ubangiji ya danƙa tumakinsa ga Bitrus, mutumin da ya yi musunsa sau uku. Bulus ma a 2 Korantiyawa 2:5-8 ya gargaɗi ikkilisiya kada horo ya yi tsawo har baƙin ciki ya haɗiye mutum.

Wannan tambaya ta iso ƙofarmu. Tun daga 2009, musamman a 2014 lokacin da Boko Haram ta mamaye garuruwa a Borno da arewacin Adamawa, akwai masu bi da aka kashe domin sun ƙi musu, akwai kuma waɗanda suka furta abin da aka ce su furta da bakin bindiga a kansu. Akwai mata da 'yan mata da aka tsare shekaru, suka dawo da sabon suna da goyo a baya. Da yawa cikinsu Bona ce, hannunsu aka riƙe, kuma sa irin wannan mace a bencin horo zalunci ne a kan zalunci. Majalisar dattawa da za ta zauna a kan irin wannan magana tana bukatar tambayoyin Sifiriyan: me ya faru, a ƙarƙashin wane irin tilas, wa mutumin yake ƙoƙarin cetowa, me yake nema yanzu. Tana kuma bukatar ta tuna da gwauruwar da ke zaune a benci na gaba, wadda aka yanka mijinta a wannan rana ɗaya. Ita ma sai an je gidanta an zauna da ita kafin ranar da za a karɓi wancan.

Karniliyus ya mutu a zaman kora a 253. An sare kan Sifiriyan a Kartaj ranar 14 ga Satumba 258, a tsananin Baleriyan, a gaban taron jama'arsa. Ikkilisiyar Nobatiyan, waɗanda suke kiran kansu Masu Tsarki, ta ci gaba da nata bishop-bishop har ƙarni na biyar da bayansa. Majalisar Nikiya ta 325, a dokarta ta takwas, ta buɗe wa ma'aikatansu hanyar dawowa, da sharaɗin su rubuta da hannunsu cewa za su yi zumunta da masu aure na biyu da kuma waɗanda suka faɗi a lokacin tsanani.