Robar mahaifa bayan haihuwa: yaushe ake sa ta, kuma mene ne haɗarinta?

Robar mahaifa, wadda ma'aikatan lafiya a Nijar da Kamaru da Chadi ke kira stérilet ko DIU, ƴar ƙaramar roba ce mai siffar harafin T da aka naɗe da jan ƙarfe. Tana hana ɗaukar ciki har shekara 10 zuwa 12, kuma cikin mata 100 masu ɗauke da ita, ƙasa da ɗaya ke samun ciki a shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, don kauce wa kwanika.

Lokacin sa ta

Ungozoma ko likita da aka horar kan sa ta cikin minti 10 bayan fitar mabiyiya, ko lokacin tiyatar ciro jariri, ko kafin cikar awa 48. Idan wannan lokaci ya wuce, sai a jira mako huɗu, mahaifa ta koma daidai. Ba a sa wa maijegon da ke zubar da jini ba tsayawa, ko wadda ƙwayoyin cuta suka shiga mahaifarta, ko wadda faya ta fashe mata fiye da awa 18 kafin haihuwa.

Lafiyarta

Babu sinadarin homon a cikinta, saboda haka ba ta rage ruwan nono. Matsalar da aka fi gani ita ce ta zamo ta fito da kanta, abin da ya fi faruwa ga wadda aka sa wa nan take bayan haihuwa. Shi ya sa ake komawa asibiti a duba ta bayan mako huɗu zuwa shida. Jinin al'ada kan ƙaru da ciwon mara a watannin farko. Huda mahaifa kan faru ga kusan mace ɗaya cikin 1,000. Zazzaɓi, ruwa mai wari ko ciwon mara mai tsanani na buƙatar ganin likita nan da nan. Ba ta kare mutum daga cutar sida.

Karɓuwarta

Jita-jitar cewa tana hawa zuciya ko tana hana haihuwa har abada na sa mata da yawa gudunta. Babu hanyar da za ta kai ta zuciya, kuma da an cire ta mace na iya ɗaukar ciki. Mata sun fi amincewa idan aka yi musu bayani tun wajen awon ciki, tare da maigida, ba a kan gadon naƙuda ba.