Baƙon da Bai Jin Sifaniyanci

A ƙarshen shekarar 1868, jim kaɗan bayan juyin juya-halin da ya kori Sarauniya Isabela ta Biyu daga karaga, wani Ba'italiye mai suna Giuseppe Fanelli ya sauka a Sifaniya. Ɗan gwagwarmayar Rasha, Bakunin, shi ya aiko shi. Abin mamaki, Fanelli bai jin Sifaniyanci. A Madrid ya tara wasu matasa ma'aikata, cikinsu har da masu aikin ɗab'i kamar Anselmo Lorenzo, ya yi musu jawabi da Faransanci da Italiyanci, hannu da fuska suna cike giɓin da harshe ya bari. Saƙonsa shi ne talaka ba ya bukatar sarki, ko gwamnati, ko ubangida. Jama'a za su iya tafiyar da al'amuransu ta hanyar ƙungiyoyin da suka kafa da kansu. Wannan ce aƙidar anakisanci.

Iri ba ya tsiro sai a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma Sifaniya ta jiƙa. A Andalus ta kudu, 'yan tsirarun attajirai ne suka mallaki manyan gonaki, 'yan ƙodago kuwa sukan yi watanni ba aiki. A Basalona, masaƙu suna tatsar ma'aikata kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Zaɓe na maguɗi ne, Coci kuma tana tare da masu hannu da shuni. Mutumin da bai taɓa ganin gwamnati ba sai a kakin jandarma da takardar haraji, me zai hana shi yarda cewa rashinta ya fi?

A 1870 aka yi babban taron ma'aikata a Basalona, aka kafa reshen Sifaniya na ƙungiyar ma'aikata ta duniya. Hukuma ta haramta shi a 1874, amma aƙidar ta ci gaba a ɓoye, ta jaridu da makarantun dare. Wasu mabiyanta sun koma ga bom da kisan gilla, hukuma ta rama da azabtarwa da kisa.

A 1910 aka kafa ƙungiyar ƙwadago ta CNT. Yajin aikinta na 1919 a Basalona ya tilasta wa gwamnati amincewa da aikin awa 8 a rana. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1936, mambobinta suka karɓe masana'antu da gonaki suna gudanarwa tare. A watan Nuwamba na shekarar, mutum huɗu daga cikinsu suka zama ministoci a gwamnati, hukumar da suka shekara kusan saba'in suna neman rushewa. Nasarar Janar Franco a 1939 ta tura dubbansu kurkuku, gudun hijira ko kabari.