Gidan Raino a Bakin Ƙofar Masana'anta: Shekaru Biyun da Amurka Ta Riƙe wa Ma'aikata 'Ya'yansu

A watan Nuwamba na 1943 aka buɗe wasu gidajen raino guda biyu a birnin Portland na jihar Oregon, can arewa maso yammacin Amurka. A bakin ƙofar masana'antun ƙera jiragen ruwa na kamfanin Kaiser aka gina su, ta yadda mace mai aikin walda za ta miƙa ɗanta ta wuce bakin aiki ba tare da ta ratse hanya ba. Suna karɓar yara daga ɗan wata 18 zuwa ɗan shekara 6, kuma ba a jima ba suka koma aiki dare da rana. Ba su cika shekara biyu ba aka rufe su. Duk da gajartar rayuwarsu, masana tarihin raino na ci gaba da komawa kansu, domin a nan ne aka ga abin da ke faruwa idan masu iko suka ɗauki ɗawainiyar ɗan tatata a matsayin tasu.

Kafin yaƙi

Tun daga ƙarni na 19 akwai gidajen ajiye yara a biranen Amurka, amma na sadaka ne. Matan masu hali ke kafa su domin gwauraye da matan da mazansu suka gudu suka bar su da yara, kuma kai yaro can tamkar shelar talauci ce. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne uwa ta zauna gida, miji ya nemo. Lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, gwamnatin Franklin Roosevelt ta fara buɗe makarantun ƙananan yara a 1933, amma babbar manufarta ita ce sama wa malamai da ma'aikatan jinya aikin yi. Yawancinsu 'ya'yan marasa aiki suke ɗauka, don haka ba su rage wa uwa mai aiki komai ba.

Harin da Japan ta kai Pearl Harbor a Disamba 1941 ya juya lissafin. Miliyoyin maza suka tafi fagen daga, masana'antu kuma suna neman hannu ido rufe. Yawan mata masu aikin albashi ya tashi daga kimanin miliyan 12 a 1940 zuwa kusan miliyan 19 kafin ƙarshen yaƙin, kuma da yawansu matan aure ne masu ƙananan yara. Sun bar garuruwansu sun bi aiki zuwa biranen da ba su da kowa: babu kaka, babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da aka saba da ita. Jaridu suka cika da labaran yaran da aka kulle cikin motoci a harabar masana'antu, da waɗanda aka rataya wa makullin gida a wuya, da waɗanda ake barin su a gidajen sinima har a tashi aiki.

Gwamnati ta yi ta jan ƙafa. Hukumar kula da yara ta tarayya tana ganin bai dace a tara yaran da ba su kai shekara biyu ba a wuri guda, kuma hukumar da ke neman ma'aikatan yaƙi ita kanta ta shawarci masu ɗaukar aiki su bar iyayen ƙananan yara sai in babu makawa. A ƙarshe wata doka ta 1940 aka jingina da ita, wadda aka fi sani da sunan ɗan majalisa Fritz Lanham na Texas. Asalin dokar ta gina gidaje ce, daga baya aka faɗaɗa ta ga ruwan famfo da makarantu da asibitoci a garuruwan da ayyukan yaƙi suka cika da baƙi. Jami'ai suka fassara ta yadda za ta haɗa da raino. A tsakiyar 1944 akwai cibiyoyi sama da 3,000 masu riƙe da yara kimanin 130,000, iyaye na biyan senti 50 a rana, daga baya 75. Sai dai galibinsu ba sa karɓar yaron da bai cika shekara biyu ba, da yawa suna nesa da wurin aiki, kuma suna rufewa da yamma alhali masana'anta ba ta barci.

Lissafin Edgar Kaiser

Edgar Kaiser, ɗan attajiri Henry Kaiser, shi ke tafiyar da masana'antun Portland. A ɗaya daga cikinsu aka taɓa harhaɗa jirgin dakon kaya cikin kwana goma a 1942, abin da ya zama abin alfahari ga ƙasar baki ɗaya. Irin wannan sauri ba ya yiwuwa sai kowane ma'aikaci yana wurinsa a kan lokaci. Mata sun haura rubu'in ma'aikatan, kuma fashin aiki da ajiye aiki sun yi yawa a cikinsu. Dalilin a bayyane yake. Aikin kwana shida ne a mako, an raba ma'aikata kashi uku, na safe da na yamma da na dare. Matar da ta tashi aiki za ta tarar kantuna na shirin rufewa, abinci kuma sai da takardar rabo da dogon layi. Ga wanki, ga girki, ga ɗan shekara biyu da bai san gajiya ba. Ranar da zazzaɓi ya kama shi kuwa, babu wanda zai zauna da shi sai ita.

Kaiser ya ɗauki lamarin kamar yadda zai ɗauki ƙarancin ƙarfe ko lalacewar injin ɗaga kaya: cikas ne ga aiki, dole a kawar da shi. Ya samu hukumar jiragen ruwa ta gwamnatin tarayya ta biya kuɗin gini. Ya ɗauko Lois Meek Stolz, ƙwararriya kan tasowar yara wadda ta taɓa shugabantar wata cibiyar bincike a Jami'ar Columbia, ya ba ta jagoranci, James Hymes kuma ya riƙe gudanarwar yau da kullum. An nemo malamai masu digiri daga sassan ƙasar, aka biya su albashin da ya yi kusa da na ma'aikatan masana'antar, abin da mai raino ba ta saba gani ba.

Kowane gini ɗakuna ne jere a kewaye da fili na tsakiya, inda yara ke wasa ba tare da sun kusanci titi ba. Kujeru da wuraren wanke hannu duk an yi su daidai tsawon yaro. Kuɗin raino dala 5 ne a mako ga yaron farko, da rangwame ga ƙannensa, har da abinci.

Abin da ya bambanta waɗannan cibiyoyi da sauran shi ne sun dubi yinin uwa gaba ɗayansa. Akwai ɗakin jinya da ma'aikaciyar lafiya, don haka mura ko ɗan zafin jiki ba sa hana uwa zuwa aiki. Akwai bahon wanka, domin da yawa daga cikin iyalan a matsattsun gidajen wucin gadi suke zaune. Ana yi wa yara allurar rigakafi a nan, ana ɗinke musu yagaggun kaya. Yaron mai aikin yamma zai ci abincin dare ya kwanta, uwarsa ta zo bayan tsakar dare ta ɗauke shi nannaɗe da bargo. Sai kuma abin da ya fi yin suna: dafaffen abinci na tafiya gida. Miriam Lowenberg, masaniyar abinci mai gina jiki, ita ta tsara shi. Uwa za ta yi oda tun da wuri, idan ta zo ɗaukar ɗanta sai a miƙa mata shi tare da abincin daren gidan, ta je ta ɗumama kawai. Masu tsarin sun fahimci cewa sa'o'in da ke tsakanin tashi aiki da kwanciyar yaro su ne suka fi cinye ƙarfin uwa, kuma idan an sauke mata girki, wannan lokacin zai koma ga yaron.

Ba nan take iyaye suka amince ba. A ranakun farko yaran da aka kawo ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da girman ginin, domin tsohon tabon gidan sadaka bai goge ba, kuma ba kowace uwa ke iya miƙa ɗan wata 18 ga baƙuwar fuska ba. Sannu a hankali labari ya bazu tsakanin ma'aikata, har adadin ya kai kimanin yara 1,000 a lokaci guda cikin 1944. Jimillar waɗanda suka ratsa cibiyoyin biyu ta haura 3,800.

Wani ɓangare na labarin da ake yawan tsallakewa shi ne na wanda ya biya. Abin da iyaye ke bayarwa bai kusa rufe kuɗin gudanarwa ba. Ragowar ana zuba shi cikin kuɗin ƙera jirage, gwamnati kuma ita ce mai sayen jiragen, bisa kwangilar da ke mayar wa kamfani abin da ya kashe har da riba. Wato baitulmali ne ya ɗauki nauyin. Raino mai inganci yana da tsada saboda hannu yake ci: mace ɗaya ba za ta iya kula da 'yan tatata ashirin ba, kuma babu injin da zai maye gurbinta. Albashin uwa ɗaya ba ya iya biyan wannan sai dai a tauye mai rainon ko a cunkusa yaran.

Da yaƙi ya ƙare

A 1945 odar jirage ta tsaya, aka sallami ma'aikata, aka rufe cibiyoyin Kaiser. Jim kaɗan bayan Japan ta miƙa wuya a watan Agusta, gwamnati ta sanar da cewa tallafin dokar Lanham ma zai tsaya cikin watanni biyu. Iyaye suka yi ta aika wasiƙu da takardun koke, musamman daga Kalifoniya, da yawansu matan sojojin da ba su dawo ba tukuna ko waɗanda ba za su taɓa dawowa ba. Shugaba Harry Truman ya nemi majalisa ta ƙara dala miliyan 7, aka ja wa'adin zuwa farkon 1946, daga nan aka rufe famfon. Kalifoniya ce kaɗai jihar da ta ci gaba da riƙe tsarin da kuɗinta na dindindin. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. Mata da yawa kuwa ba su koma gida sun zauna ba. Ƙananan ayyuka masu ƙaramin albashi suka koma, da yaransu a hannu.

An sake gwadawa a 1971. Sanata Walter Mondale da ɗan majalisa John Brademas suka jagoranci ƙudurin kafa gidajen raino a faɗin ƙasar, kyauta ga marasa ƙarfi, sauran kuma kowa ya biya gwargwadon samunsa. Majalisun biyu suka amince. A watan Disamba Shugaba Richard Nixon ya hau kujerar na-ƙi, bisa hujjar cewa dokar za ta fifita rainon tarayya a kan na iyali, zargin da a zamanin yaƙin cacar baka kowa ya san Tarayyar Sobiyet yake nufi. Har yau Amurka ba ta da irin wannan tsari ga kowa. Dokar hutun iyali ta 1993 makonni 12 ta ba wa ma'aikaci, babu albashi, kuma ba kowa ta shafa ba.

Akwai wuri ɗaya da gwamnatin Amurka ba ta janye hannu ba. A 1989 majalisa ta yi dokar inganta gidajen raino na sojoji, inda ta ɗaga albashin masu raino, ta tsaurara sa ido, ta ɗaura kuɗin da iyaye ke biya a kan samunsu. Dalilin bai sha bamban da na Edgar Kaiser ba: rundunar da ta dogara da masu shiga da son ransu ba za ta iya riƙe sojan da ba shi da inda zai ajiye ɗansa ba.

Ana yawan ɗaukar wahalar ma'aikacin da ke rainon ɗan shekara biyu a matsayin matsalarsa shi kaɗai, wadda tashi da wuri ko iya tsara lokaci za su warware. Tarihin Portland ya nuna cewa sa'o'in kula da yaro ba sa raguwa don uwa ta samu aiki, dole wani ya ɗauke su, kuma dole wani ya biya. A 1943 an san yadda za a yi da zazzaɓin safiya da abincin dare da aikin tsakar dare, an kuma gina maganinsu cikin 'yan watanni. Da aka daina buƙatar jirage, ilimin bai ɓace ba, kuɗin aka janye, nauyin ya koma kan iyaye.