Agogon da Ba Ya Ganin Mai Gyara

A watan Yunin 1977, cibiyar binciken sojojin ruwan Amurka ta aika tauraron ɗan'adam mai suna NTS-2 sararin samaniya, ɗauke da agogon atam na sisiyam. Agogo ne marar allura, wanda ke ƙirga kaɗawar da ƙwayar sisiyam ke bayarwa, sau 9,192,631,770 a daƙiƙa guda.

An sha gardama kafin a harba shi. Lissafin Einstein ya nuna cewa agogon da ke can sama zai riƙa riga na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum. Wasu injiniyoyi ba su gamsu ba. Sai aka sa masa na'urar gyaran lokaci, aka bar ta a kashe wajen kwana 20 ana awo. Awon ya gaskata Einstein, aka kunna ta. Ba don wannan gyara ba, da GPS, tsarin gano wuri ta taurarin ɗan'adam, na kauce hanya da kilomita 10 ko fiye a rana guda.

Babban aikin kuwa shi ne agogon ya daɗe. Dole ya jure girgizar roka, da sanyin inuwar duniya bayan zafin rana, da hasken radiyeshan mai lalata kayan lantarki a nisan kilomita 20,200. Fitilar agogon rubidiyam tana tsufa, sisiyam ɗin da ke cikin bututu yana ƙarewa, ba kuma mai hawa can da sukundireba. Shi ya sa ake loda wa kowane tauraron gano wuri agogo uku ko huɗu, in ɗaya ya mutu a tada wani daga ƙasa.

Dabarar ta yi rana a Janairun 2017, lokacin da Turai ta sanar cewa agogo tara sun lalace a taurari 18 na Galileo, tsarinta na gano wuri. Kowanne na da huɗu, biyu na rubidiyam, biyu na haidrojin, don haka aiki bai tsaya ba. Indiya ba ta taki wannan sa'a ba: agogo ukun da ke kan tauraronta IRNSS-1A duk sun mutu.

A Yunin 2019 hukumar NASA ta harba agogon zaiba na gwaji, wanda ke tsare ƙwayoyinsa cikin tarkon lantarki don kada su taɓa bango. An ƙera shi ne domin kumbunan da za su yi nisa da duniya su iya gane hanya da kansu, kuma ya yi aiki har Satumbar 2021.