Wutar Zango a Hanyar Gwanja

Da rani fataken goro suke tafiya, don haka a daji hunturu yake riskarsu. A ƙarni na 19, ayarin da ya taso daga Kano zuwa Salaga yakan yada zango a Sansanin Mango, kudu da Dapaong, ko a Didawure, unguwar baƙi da ke cikin Sokode a yau. Makwancinsu bukkokin ciyawa ne, shi ya sa a fili ake hura wuta, don tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye zango.

A dawowa wahalar ta fi. Bushewa ce ajalin goro, sai a nesanta huhu da wuta ana yayyafa masa ruwa, mai shi yana gefe yana gadi da rawar ɗari har asuba.